Muhawara: ina wurin mai keke a titunan Zariya?

Injiniya Bashir, Hanwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, yau dai na ce bari in kawo ta nan tunda zauren nan akwai dattawa akwai malamai akwai kuma masu sana'ar tuƙi. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta zo ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, duk mai fita da sassafe ya ga yadda keke ya dawo titi, malaman firamare, masu gadi, leburori, ɗalibai, har da ma'aikatan da a da ko da kuɗi ba za su yarda a gansu a kan keke ba. To amma titin bai san da zamansu ba. Ka tsaya a hanyar Sakkwato tsakanin Kwangila da Samaru ka gani, tirela ce a tsakiya, bas na lodi a gefe, mai napep ya tsaya inda ya ga fasinja, ɗan acaba ya kutso ta hagu, shi kuma mai keke an tura shi can bakin kwalta inda yashi ya taru, ko ya faɗa gwata ko ya shiga ƙarƙashin mota. Garinmu shimfiɗaɗɗe ne ba hawa da gangara mai wahala, ga makarantu ko'ina, ban ga garin da ya fi Zariya dacewa da keke a Arewa ba. Tambayata, me zai hana mu nemi a ware wa keke hanyarsa, a fara ko da titi ɗaya ne?

Alhaji Tanimu, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Injiniya ina ganin girmanka amma wannan magana taka ban karɓe ta ba gaskiya. Mutane ba don suna so suka koma keke ba, talauci ne ya mayar da su, abinda ya kamata mu nema shi ne mai ya yi sauƙi a kawo manyan motocin haya masu araha. Duniya na ci gaba mu kuma a ce mu roƙi gwamnati ta gina mana hanyar komawa baya? Ni mahaifina da keke ya yi fatauci har ƙafarsa ta lalace, burinsa kullum 'ya'yansa kada su sha wannan wahalar.

Injiniya Bashir, Hanwa:
Alhaji Allah ya jiƙan Baba. Ban ce kowa ya ajiye mota ba, kuma bas mai araha nima ina so. Cewa na yi wanda yake kan keke yanzu, yau ɗin nan, ko talauci ya hau da shi ko sha'awa, ransa rai ne kuma yana da haƙƙi a titi kamar mai mota.

Malam Iro mai gyaran keke, Tudun Wada:
Salamu alaikum ni dai sana'ata kenan tun ina yaro gun ubangidana na koya, kuma zan faɗa muku abinda idona ke gani. Aiki ya ƙaru sosai, kekunan da aka jingine a zaure shekaru duk an fito dasu, a kawo maka Rali ko Fonis duk tsatsa ace a sa taya da tib a gyara birki a ɗaure sarƙa. Amma abinda yafi tayar min da hankali yawan rim da ake kawowa a lanƙwashe, kana tambaya sai ace mashin ne ya buge ni ta baya, ko mota ce ta matse ni na faɗa kwalbati. Kuma yawanci dattawa ne masu shigowa daga ƙauye da kaya a kariya, rake, itace, buhun masara, tumatir, su Bomo su Dakace su wajen Hunƙuyi. Waɗannan bayin Allah basu taɓa daina hawa keke ba ko lokacin da mai ke araha, su ke kawo mana abinci gari, ba wanda ya taɓa tunawa dasu in ana zana titi. Alhaji kace komawa baya, su ai basu je ko'ina ba balle su koma.

Hajiya Binta, Ƙofar Doka:
Malam Iro ka faɗi gaskiya wallahi. Ni malamar makaranta ce, yaran da ke zuwa da keke sun fi kowa zuwa da wuri amma kullum gabana faɗuwa yake in an tashi, don sai sun tsallaka babban titi. Iyaye da yawa suna da halin saya wa yaro keke ya huta da kuɗin napep safe da rana, tsoron titi ne kawai ya hana su. Nima na hana nawa.

Baba Shehu, cikin gari:
Ɗana Tanimu bari in tuna maka wani abu. A zamaninmu keke ba abin kunya ba ne, abin alfahari ne. Ma'aikaci sai ya daɗe yana aiki kafin a ba shi bashin keke, malamin haraji, malamin asibiti, hedimasta duk a keke suke zuwa, kuma har lasin ake yanka masa a wurin En'e a maƙala lamba. Rali har masana'anta suke da ita a Kano. Ango in yana da keke mai fitila da ƙararrawa ai an gama magana. Abin ya fara canjawa ne bayan kuɗin Udoji wajen 1975 da ma'aikata suka samu kuɗi a dunƙule kowa ya ruga ya sayi babur, daga nan sai aka fara yi wa mai keke kallon wanda bai samu ba. Wato rainin nan koyonsa muka yi, ba da shi aka haife mu ba. Kuma ni da nake cikin ganuwa ina gaya muku lungunanmu ba a yi su don mota ba, daga Ƙofar Gayan zuwa bakin fada ko Ƙofar Kuyambana mai keke zai riga mai mota in dai rana ce ta kasuwa.

Alhaji Tanimu, Sabon Gari:
Baba Allah ya ƙara girma, ban musa tarihi ba. Amma lokacinku motoci nawa ne a garin? Kuma ga rana. A watan Maris da Afrilu wa zai tuƙa keke daga Tudun Wada zuwa Samaru ya isa ofis da jiƙaƙƙiyar riga, in damina ta zo ruwa, in hunturu ya zo ƙura. Turawan da ake kwaikwayo ƙasarsu sanyi gare ta.

Dakta Aminu, Samaru:
Alhaji maganar rana tana da ƙarfi amma ba ita ce ke yanke hukunci ba, bari in ba da misali da garin da ya fi mu shan zafi a wasu watanni. Birnin Sebil na ƙasar Sifen, wato Ishbiliya ta Andalus, da bazara zafinsu na haura digiri 40. Kafin 2006 masu zirga-zirga da keke a can ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma abinda mutanensu ke faɗa kenan, zafi ya yi yawa ba al'adarmu ba ce. Hukumar birnin ta tashi tsakanin 2006 da 2010 ta shimfiɗa hanyar keke wajen kilomita 120, kuma abinda ya sa ta yi aiki abu biyu ne, na ɗaya hanyoyin a haɗe suke da juna ba guntu nan guntu can ba, za ka tashi daga unguwarku har tsakiyar gari ba ka sauka cikin motoci ba, na biyu an raba su da titin mota da shinge na gaske ba fenti kawai ba, yawanci ma wurin fakin ɗin motoci aka karɓa aka mayar. Cikin 'yan shekaru masu keke suka kai wajen kashi 6 cikin 100. Rana ba ta ragu ba ko kaɗan, tsoro ne ya ragu. Holan ɗin ma da ake ganin kamar da keke aka haife su, sun bi mota sun rushe unguwanni don faɗaɗa titi har a 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a haɗarin hanya, fiye da 400 yara ne, iyaye mata suka fito zanga-zanga a kan kashe musu 'ya'ya, sai ga matsalar mai ta 1973 ta zo ta same su har gwamnati ta hana fita da mota ran Lahadi na wani lokaci. Daga nan suka juya. Ku lura tsadar mai ce da mutuwar yara suka tayar da su, abubuwa biyun da Injiniya da Hajiya suka kawo yanzu.

Nura mai napep, Kwangila:
Dakta duk naji amma kuna ta maganar Turai, nan Zariya ce fa. Ku zana layin keke yau gobe da safe mai shayi ya kafa tebur a kai, mai lemo ya baza, mai faci ya ajiye injinsa, mu kuma nan zamu tsaya ɗaukar fasinja don ba'a bamu wurin tsayawa ba, bazan ɓoye muku ba. Sannan wani abu, in kowa ya koma keke mu da muka ci bashin napep muna biyan balas kullum ina zamu sa kanmu, muma iyali garemu.

Dakta Aminu, Samaru:
Malam Nura to mu bar Turai. Tamale da ke arewacin Gana, gari ne mai zafi irin namu, Musulmi ne mafi yawa, har Hausa ana ji a zangonsu, manyan titunansu akwai hanyar keke a gefe kuma maza da mata suna hawa. Wagadugu ta Burkina Faso haka, an ware wa masu ƙafa biyu gefensu a manyan hanyoyi, ga tseren keke na ƙasa da suke yi tun 1987. Su ma suna fama da masu kasa kaya da babura a kan hanyar, ba a ce babu matsala ba, amma hanyar tana nan tana aiki.

Injiniya Bashir, Hanwa:
Nura maganarka ta fi ta kowa amfani a wurina don ita ce ainihin inda aikin ke lalacewa. Fenti kaɗai ba zai yi ba a garin nan, na yarda ɗari bisa ɗari. Abinda ake yi shi ne a ɗaga dakali na kankare tsakanin hanyar keke da ta mota, tsayin da taya ba za ta hau cikin sauƙi ba, a bar faɗin mita 2 da rabi zuwa 3 in masu zuwa da masu dawowa za su haɗu a gefe ɗaya. Sannan tun a zane a fitar wa napep da bas wurin tsayawa duk bayan 'yar tazara, a fitar wa masu sana'a wurinsu a bayan hanyar ba a kore su ba, don in ka kori mai shayi ba ka ba shi wani wuri ba to jibi zai dawo kuma yana da gaskiya. A rufe gwata da silab, wannan kaɗai zai ba da fili mai yawa a wurare da dama. A dasa bishiyoyi a jere, dalbejiya wato maina, shi ne amsar ranar da Alhaji ke faɗa. Kuma wuri mafi haɗari ba miƙaƙƙen titi ba ne, mahaɗa ce da shataletale, irin Kwangila da PZ da Ɗanmagaji, in hanyar keke ta zo ta ƙare daidai bakin mahaɗa ta saki mutum cikin tireloli to gara ma ba a yi ba. Game da cinikinku kuma, mai ɗauke da iyali, tsohuwa, mara lafiya da zai je asibitin Shika, mai kaya, mai sauri, duk naku ne har gobe. Wanda zai hau keke yawanci shi ne wanda yanzu ma yake takawa a ƙasa don ba shi da kuɗin hawa.

Nura mai napep, Kwangila:
In dai za'a bamu wurin tsayawa na gaske to da sauƙi. Amma a zauna da ƙungiyarmu tun farko, kada a gama zane a ofis sannan a aiko jami'ai su fara kama mu.

Zainab A., Gyallesu:
Salam, dan Allah a bani dama in sa baki don duk maganar nan maza ake ta lissafawa. Mu mata mu muka fi kowa shan wahalar kuɗin mota, namiji zai iya maƙalewa a bayan mashin ɗin abokinsa ko ya taka da dare, mu ba hali. Na iya keke tun ina firamare, da na shiga sakandare aka ce na girma in daina, yanzu kusan rabin kuɗin da ake bani na makaranta a hanya yake tafiya. Akwai keken mata wanda bashi da ƙarfen tsakiya, da doguwar riga da hijabi zaki hau lafiya lau, akwai murfin sarƙa da raga ta gefen taya da ke hana zani shiga. Ni abinda ke hanani ba shigar bace, bakin mutane ne da ihun yara da samari masu bin mutum da mashin.

Malam Sabi'u, Ƙofar Kibo:
'Yata Zainab ni ban ga laifi ga yarinya ƙarama ba, amma budurwa ko matar aure a kan keke tsakiyar kasuwa, al'adarmu ba ta saba ba kuma ina tsoron fitina. Ba haramci nake cewa ba, kada a fahimce ni ba daidai ba.

Hajiya Binta, Ƙofar Doka:
Malam Sabi'u da girmanka, amma yanzu ba a bayan ɗan acaba take hawa ba, namijin da ba muharraminta ba, ko a cusa ta a napep tsakanin maza? Wanne ya fi sutura, wannan ko ta tuƙa abinta ita kaɗai? Matan Wagadugu da na Tamale da Dakta ya ambata da lulluɓinsu suke hawa har da goyo. Ni ina ganin a fara a inda aka killace, cikin makarantun mata da cikin manyan makarantu, ido zai saba a hankali.

Malam Sabi'u, Ƙofar Kibo:
Hajiya wannan hujja ce, zan yi tunani a kai. Cikin makaranta kam ban da ja.

Dakta Aminu, Samaru:
Cikin makaranta ɗin nan shi ne inda ni ma nake ganin a fara, don ba sai an jira Abuja ba. Hanyar Sakkwato da ta Kaduna zuwa Kano na gwamnatin tarayya ne, taɓa su sai an sha dogon zama. Amma harabar ABU a Samaru gari ce guda, tafiya daga ɗakunan kwana zuwa wasu tsangayoyin ba ƙarama ba ce, ga harabarta ta Kongo, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kwalejin horon malamai, duk hukumominsu na da ikon rage gudun mota a cikin harabarsu su kafa wurin ɗaure keke mai rumfa su kuma ba wani ɗan kasuwa dama ya yi hayar keke da katin ɗalibi. Hayar keke ai ba baƙuwarmu ba ce, wa bai karɓi haya na awa ɗaya yana yaro ba? Kuma abinda ke bani takaici, cibiyar nazarin sufuri ta ƙasa wato NITT a garin nan take tun 1986, ABU na da sashen tsara birane da na injiniyan gine-gine, wato masu ilmin da ƙasar nan ke taƙama da su a harkar sufuri maƙwabtanmu ne. Ɗalibai na neman abin da za su rubuta a kai a shekarar ƙarshe, a ba su aikin ƙirga kekunan da ke wucewa a Kwangila da gadar Kubanni da Ƙofar Doka daga asuba zuwa hantsi, mu samu alƙaluma na gaske da za mu kai wa hukuma.

Malam Iro mai gyaran keke, Tudun Wada:
Wurin ɗaurewa ɗin nan ku riƙe shi da kyau don sata tafi haɗari korar mutane. Mutum ya tara kuɗi da ƙyar, sabon keke mai kyau yanzu yafi ƙarfin albashin naira 70,000 ɗin nan, ko na hannu ma ba wasa bane, ya shiga masallaci ko kasuwa ya fito babu. Akwai wani mai zuwa wurina an ɗauke nashi a bakin wata ma'aikata saboda mai gadi yace ba'a shiga da keke ciki amma mota da mashin suna shiga, ya jingine a waje ko minti nawa baiyi ba. Abu ne mai sauƙi fa, ƙarfe ne a lanƙwasa a dasa a siminti, duk mai walda a Sabon Gari zai yi, a sa a bakin kasuwa da masallatan Juma'a da asibiti da banki, a ɗaure jikin keken ba taya ba. Ko a sa yaro yana gadi yana bada lamba kamar yadda ake wa mashin a kasuwa.

Alhaji Tanimu, Sabon Gari:
To naji duk wannan, amma ku tuna an taɓa yi fa. Zamanin Obasanjo ministan sufuri Ojo Maduekwe ya fito da kamfen ɗin keke har yana tuƙawa zuwa taron majalisar ministoci a Abuja, a 2001 bas ta ture shi ya faɗa rami, daga nan magana ta mutu. Kuma duk shekara 3 ga Yuni ana fitowa ranar keke ta duniya, jami'an kiyaye haɗurra da manyan mutane su sa hular kwano su zagaya a ɗauki hoto, washegari kowa ya koma motarsa. Abinda nake gudu kenan, a kashe kuɗi a biki ko a ba da kwangilar fenti.

Injiniya Bashir, Hanwa:
Alhaji wannan misalin naka ai hujjata ce. Minista guda bai tsira a titin da ba a ware wa keke wuri ba, ina ga Malam mai rake daga Bomo? An ce wa mutane su hau kafin a gyara hanya, an fara daga inda ya kamata a ƙare. Ranar keke da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 2018 ba laifi ba ce amma ba ta maye gurbin kankare. Ni ma ba na son biki.

Hajiya Binta, Ƙofar Doka:
Amma ni kada a yar da maganar rufe titi na ɗan lokaci, don yara. Na ji ana yi a wasu ƙasashe.

Dakta Aminu, Samaru:
Ana yi Hajiya. Bogota ta Kolombiya ta fara tun 1974, duk Lahadi da ranar hutu daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana ana hana mota bin tituna sama da kilomita 100, mutane su fito da keke da ƙafa. Kigali ta fara nata a 2016, Adis Ababa a ƙarshen 2018. Amfaninsa shi ne wanda bai taɓa hawa titi ba don tsoro ya ɗanɗana, yara su koya, uwa ta ga ɗanta na tuƙi hankalinta kwance, daga nan ne mutane ke fara neman a yi musu ta dindindin. Kuma kusan ba ya cin kuɗi.

Baba Shehu, cikin gari:
Rufe hanya ai mun fi kowa iyawa. Duk Sallah ana tsayar da mota saboda hawan Sarki, duk Juma'a ana tare titi a bakin masallatai kuma ba wanda ke faɗa don kowa ya san lokacin. In aka je fada da ladabi aka yi bayani cewa don yara ne da lafiyar jama'a, aka zaɓi safiyar Asabar ɗaya a wata daga bayan asuba zuwa ƙarfe 10 kafin rana ta yi zafi kafin kasuwa ta cika, ina kyautata zaton za a saurara. Amma a bi ta hannun masu unguwa da hakimi, kada yara su yi gaban kansu.

Alhaji Tanimu, Sabon Gari:
Asabar da safe motocin kaya ke shigowa kasuwar Sabon Gari, kada ku taɓa wannan hanyar. In cikin gari ne ko GRA ba ruwana. Kuma har yanzu ina nan a kan bakana cewa bas ya fi keke muhimmanci, mai zuwa Shika daga cikin gari kullum ba keke ne zai fisshe shi ba.

Injiniya Bashir, Hanwa:
Ba sa karo da juna Alhaji, keke na gajeriyar tafiya ne, kilomita 3 zuwa 7, daga gida zuwa makaranta ko kasuwa ko tasha, doguwa kuma ta bas ce, in ma akwai wurin ajiya a tasha mutum ya zo da keke ya ɗaure ya hau bas. Akwai kuma abinda za a iya yi a unguwanni ba tare da hanya ta daban ba, wato rage gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, don a wannan gudun wanda aka buge yawanci yana rayuwa, in ya kai 50 zuwa sama abin ya munana. Tudun rage gudu da aka yi bisa ƙa'ida a gaban makarantu, ba irin wanda matasa ke yi da ƙasa mai karya sifokin keke ba, zai taimaki yaran Hajiya tun kafin a zo maganar babban titi. Wannan aikin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari ne da gwamnatin jiha, kansilolinmu muna ganinsu kullum.

Zainab A., Gyallesu:
In za'a yi ƙirgen nan ni da ƙawayena zamu iya ɗaukar wajen Kongo da Tudun Wada, kuma a raba a rubuta maza nawa mata nawa yara nawa masu kaya nawa, don in an tashi zane a san wa ake yi wa.

Malam Iro mai gyaran keke, Tudun Wada:
A ƙara da fitila da abin ƙyalli na baya a cikin takardar da za'a kai wa hukuma. Da yawan waɗanda ake bugewa da asuba ne ko bayan magariba, keken ba fitila mutum sanye da baƙar riga direba baya ganinsa sai ya zo kai. Mu masu gyara zamu iya manna abin ƙyallin a duk keken da aka kawo in an samu wanda zai saya mana da yawa, ba tsada gareshi ba. Suma masu keken a gaya musu gaskiya su daina bin hannun da ba nasu ba.

Nura mai napep, Kwangila:
Wannan na ƙarshen Malam Iro shine yake haɗamu faɗa dasu kullum, mutum ya taho ta gabanka a hannunka da dare. Injiniya in kun sa ranar zama ku faɗa min da wuri in gaya wa shugaban tasharmu, amma kada ta zama safiya, lokacin aikinmu ne, bayan la'asar yafi.

Injiniya Bashir, Hanwa:
Bayan la'asar ɗin za a yi insha Allahu. Dakta ka taimaka ka zana mana takardar ƙirgen yadda kowa zai iya cikewa a waya ko a takarda, Baba Shehu kuma a taimaka mana da wanda za mu fara gani a wajen masu unguwa. Alhaji Tanimu muna so ka zo, don in za a taɓa hanyar kasuwa gara mu ji daga bakin 'yan kasuwa tun yanzu.

Alhaji Tanimu, Sabon Gari:
Zan zo, amma a sa maganar bas a cikin takardar.